Likita Ya Ce Sai An Cire Min Matsarmama

Likita, shekaruna 41, 'ya'yana biyar. Na daɗe ina fama da wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, yana ratsawa har kafaɗa da gadon baya. Ya fi taso min da dare, musamman in na ci abu mai maiƙo. Na sha maganin olsa har na gaji. Bayan babbar sallah ya turnuƙe ni da amai, aka yi min hoton ciki, aka ce tsakuwa ce a matsarmama, kuma sai an yi aiki an cire ta gaba ɗaya. Surukata ta ce kada in yarda a yanka ni, in sha man zaitun da lemon tsami za su fita ta bayan gida. Mutum yana rayuwa ba matsarmama? Me ya sa ba za a kwashe tsakuwar kaɗai ba? Kuma zan sake haihuwa?

Maman Walida, Gusau

Maman Walida, Allah ya ba ki lafiya.

Kin san koriyar jakar nan da ake kaffa-kaffa da ita wajen gyaran kaza? Irinta ce manne a ƙarƙashin hantarki. Hanta ce ke samar da ruwan ɗacin da ke narkar da kitse, matsarmama ajiya kawai take yi, ta matso shi cikin hanji in an ci maiƙo. Idan kitsen kolestarol ya yi wa ruwan yawa, sai ya dunƙule ya zama tsakuwa. Ya fi samun mata, musamman waɗanda suka haihu da dama ko suka haura 40, da masu ƙiba ko ciwon suga. Masu sikila ma suna yi tun suna yara, amma tasu daga fashewar ƙwayoyin jini take samo asali.

Mafi yawan masu tsakuwar ba su ma san suna da ita ba, kuma su ba a taɓa su. Ke taki ta riga ta fara toshe bakin jakar, shi ya sa naman layya ya kwantar da ke. Wadda ta fara haka, da wuya ta daina.

Ba a kwashe tsakuwar a bar jakar ne saboda jakar ce ke haifar da ita. In an bar ta, wata za ta sake taruwa. Cire matsarmama tsohon aiki ne, tun 1882 wani likita Carl Langenbuch ya fara yin sa a Berlin. Yanzu akan huda ciki wuri uku ko huɗu a zura kyamara a ciro ta, a sallame ki ran nan ko washegari, cikin mako biyu ki koma harkokinki. Inda babu na'urar, ana yanka, kuma shi ma yana yin kyau, sai dai jinyar ta kan kai makonni shida. Bayan aikin, ruwan ɗacin zai riƙa gangarawa daga hanta zuwa hanji kai tsaye. Wasu kan yi ɗan zawo na wani lokaci, ya wuce. Mahaifarki kuwa ba abin da ya haɗa ta da wannan aiki, ciki da haihuwa sai abin da Allah ya ƙaddara.

Batun surukarki, ƙauna ce ta sa ta faɗa, amma kada ki sha. Korayen dunƙulen da masu shan haɗin ke gani a bayan gida, man ne da ruwan lemon suka haɗu suka daskare a hanji. In aka sake hoto, tsakuwar na nan daram. Abin tsoron ma shi ne man zai sa jakar ta matsa da ƙarfi, ta tura tsakuwa cikin bututun da ke kaiwa hanji. In ta maƙale a can, ga shawara, ga kumburin fankiriyas, wanda yake iya kisa. Akwai dai ƙwayar asibiti mai narkar da ƙananan tsakuwar kolestarol, amma sai an shafe watanni har zuwa shekara biyu ana sha, kuma takan dawo bayan an daina. An fi ba wa wanda jikinsa ba zai ɗauki aiki ba.

Kafin ranar aikin, ki rage soye-soye, man shanu da kitse, amma kada ki zauna da yunwa, don rama ta gaggawa ita ma tana ƙara tsakuwa. In ciwon ya wuce awa shida bai lafa ba, ko kika ji zazzaɓi da rawar sanyi, ko idonki ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, a kai ki asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Ranar da za ki koma wurin likitan kuma, ki tafi da maigida, in da hali har da surukar taki, a nuna musu hoton su yi tambayoyinsu da bakinsu.