Yadda ake lissafin tafiyar jirgi daga ƙasar Magarya zuwa Jidda

Maniyyaci daga Magarya ko Dungas ba ya rasa tambayar awa nawa ne zuwa ƙasa mai tsarki. Akan ce masa awa biyar. Gaskiya ne, amma da saura, kuma mutum zai iya yin lissafin da kansa.

A fara da nisa. A samu ƙwallon taswirar duniya irin na makaranta, a dafe bakin zare da babban yatsa a kan Yamai, a ja shi ya miƙe tsam har Jidda. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa, don taswirar bango tana ruɗin ido. Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa Jidda kimanin kilomita 4,000 ne. Daga filin Malam Aminu Kano kimanin 3,400, daga Damagaram kuwa wajen 3,300.

Sai a raba nisan da gudun jirgi. Babban jirgin fasinja yakan ci kilomita kamar 850 a awa, ka ga 4,000 ta ba da awa huɗu da minti arba'in da 'yan kai. A ɗora rabin awa na hawa da sauka, tunda jirgi ba ya sakin gudu sai ya kai sama sosai. An samu awa biyar da kwata ke nan, iska kuma tana iya ƙarawa ko ta rage.

Zaren nan ta kan Sudan ya ratsa. Da yaƙi ya ɓarke can a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin kujera ya ji a jikinsa. Saboda haka a tambayi jagora ta ina jirgi zai bi kafin a gaskata lissafi.

Agogo ma yana rikita mutane. Saudiyya ta riga Nijar da awa biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare zai sauka 3 da kwata a agogon gida, alhali a Jidda 5 da kwata ta yi. Masu jiran waya a gida su lura.

Abin da ya fi damuna shi ne tafiyar ƙasa, wadda ba a cika sa ta a lissafi ba. Wanda jirginsa zai tashi daga Yamai sai ya yi kilomita kamar 90 daga Magarya zuwa Damagaram, sannan kusan 900 ta Maraɗi, Birnin Ƙonni da Dosso. Yini guda cur a mota, ana yin yamma, don gobe jirgi ya juyo da shi gabas. Yawancin masu wannan tafiya dattawa ne da tsofaffin mata da suka sayar da gyaɗa, riɗi ko bisashe shekara da shekaru kafin kuɗi su cika. A ganina ya kamata alhazan wannan yanki su riƙa tashi daga Damagaram kowace shekara.

Saura harami. In jirgi Jidda ya nufa kai tsaye, a yi wanka a ɗaura tun kafin a hau, a yi niyya idan aka sanar an zo daidai miƙati, kafin sauka. In Madina za a fara, kimanin kilomita 4,100 daga Yamai, a bar haramin cikin jaka sai an zo Zul-Hulaifa a hanyar Makka.