ZAƁEN MURHU DA ƊUMAMA ƊAKI A LOKACIN HUNTURU

Darasi domin Hakimai da Malamansu a Ƙasashen Kankiya da Kusada

Duk wanda ya kwana a Kafinsoli cikin watan Disamba ko Janairu ya san yadda sanyin asuba yake ratsa ƙashi. A lokacin nan ne ake ƙona itace fiye da kowane lokaci, gama ban da tuwo da kunu akwai ruwan wanka, akwai kuma wutar jin ɗumi. Itacen kuwa daga gonakinmu da dazuzzukanmu yake fitowa. Marke da kirya sun yi wuya, har gatari ya fara kai wa gawo da ɗorawa da tsamiya, waɗanda kakanninmu ba su sara. In itace ya ƙare sai a koma ga kara da kashin shanu, watau a ƙone takin da ya kamata gona ta ci. Saboda haka zancen murhu ba na mata kaɗai ba ne, zance ne na mulkin ƙasa.

1. Laifin murhun duwatsu uku

Murhun da muka gada ba ya bukatar kuɗi, kuma yana karɓar kowace tukunya. Amma masana sun auna sun tarar abin da yake shiga tukunya daga zafin itacen bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sauran iska ce take kwashewa ta ko'ina, balle iskar hunturu. Sa'an nan ga hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gidaje ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya. Masu shaƙar hayaƙin nan kullum su ne mata da 'ya'yan da ke goye a bayansu.

2. Ire-iren murhun da ake samu

Na farko shi ne murhun laka. Ana kwaɓa yumɓu ko ƙasar shuri da yashi da ƙaiƙayi, a gina shi kewaye da tukunya, a bar ƙofa ɗaya ta itace, a bar shi ya bushe sarai kafin a hura wuta. Kowace mace tana iya koyon gininsa. Aibinsa shi ne yana tsagewa, ruwan sama kuma yana cinye shi, sai an riƙa yaɓe. Daga shekarar 2014 ƙungiyar Oxfam, da kuɗin Tarayyar Turai, ta yi aikin yaɗa murhu mai tsimin itace da renon itatuwa a ƙananan hukumomi 7 na arewacin Jihar Katsina, ciki har da Daura da Mashi da Zango. Ashe ba baƙon abu ba ne a jiharmu.

Na biyu shi ne murhun ƙarfe na maƙera. A ƙasar Nijar an yaɗa wani mai suna Mai Sauƙi tun cikin shekarun 1980. Ana ɗaukarsa daga zaure zuwa tsakar gida, yana da saurin kama wuta, amma jikinsa yana yin zafi ƙwarai, yana iya ƙona yaro, kuma in ƙarfen marar kauri ne ba ya daɗewa.

Na uku shi ne murhun masana'anta, kamar Save80, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta yaɗa tare da ƙungiyar atmosfair ta Jamus. Da 'yan ƙirare yake aiki, masu yinsa kuma suna cewa yana rage kashi 80 cikin 100 na itace. Amma yana da tsada, kuma da tukwanensa yake zuwa.

3. Abubuwa huɗu da za a duba kafin a zaɓa

(a) Tukunya. Lalle ne murhu ya dace da tukunyar gidan. Ta nutse ciki, a bar tsakaninta da bango kamar kaurin yatsa, domin harshen wuta ya lashi gefenta kafin ya fita. In ratar ta yi faɗi zafi ya gudu, in ta matse wuta ta shaƙe.

(b) Tuƙin tuwo. Murhun da yake rawa in an sa muciya, ko an raba shi kyauta, bayan mako guda za a same shi a bayan rumbu. A bar uwargida ta tuƙa tuwo a kansa kafin a biya kuɗi.

(c) Iska. Wuta ba ta ci sai da iska. Murhu na kirki yana da hanyar da iska take shiga ta ƙarƙashin itace. Alamarsa harshen wuta mai haske da ƙarancin hayaƙi.

(d) Gyara. A tambaya, in ya lalace wa zai gyara shi? Abin da maƙerin Kankiya ko maginiyar tukwane za su iya gyarawa ya fi wanda sai an tafi Kano.

Kowane murhu aka zaɓa, ɗanyen itace yana ɓata shi. Itacen da aka saro yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta gama ƙone ruwan kafin ta taɓa tukunya. A faskara shi, a jera a bisa duwatsu inda iska take bi, har ya bushe.

4. Ɗumama ɗaki

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Murhu mai tsimin itace an yi shi ne don ya tsare zafi ya kai shi ga tukunya, saboda haka ba ya ba da ɗumi kamar buɗaɗɗiyar wuta. Wanda ya saye shi don jin ɗumi zai ce an cuce shi. Ɗumin ɗaki kuwa daga ginin ɗakin yake farawa. Bangon ƙasa mai kauri da rufin soro suna shan zafin rana su ajiye, da dare su riƙa sakinsa a hankali. Rufin kwano marar silin da rana ta faɗi yake hucewa. Mai ɗakin kwano ya fara da sa silin, ko da na tabarma ko zana ne, ya toshe tsagar bango, ya rataya asabari a ƙofar da ke fuskantar gabas da arewa, inda iskar hunturu take fitowa. Ɗakin da aka gyara haka wuta kaɗan ta ishe shi.

A Rasha da Jamus, inda ƙanƙara take sauka, akwai murhun tubali mai nauyi wanda ake hura wa wuta sau ɗaya ko sau biyu a yini, ya riƙa ba da ɗumi har gari ya waye. Hikimar nan ita ce ta gadon ƙasa namu da ake sa wa wuta a ƙarƙashi. Bambancin shi ne nasu yana da bututu mai fitar da hayaƙi ta rufi. Duk wanda zai gina murhu a cikin ɗakin kwana, to, lalle ya yi masa bututu, ya nisanta shi daga azara da ciyawa, ya riƙa kakkaɓe kunkunniyar da ke taruwa ciki.

5. Gargaɗi game da garwashi

Kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fara sa ciwon kai da jiri da nauyin jiki, mai barci kuwa ba ya farkawa. In an ɗumama ɗaki a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar taga a buɗe kaɗan. In an tarar da wani ya galabaita, a fito da shi sarari nan da nan, a kai shi asibiti. A kula musamman da ɗakin mai jego da na tsofaffi da makwancin almajirai.

6. Aikin Hakimi da Malaminsa

Talaka ba ya yarda da abin da bai gani ba, kuma yana da gaskiya. Kafinsoli gari ne da aka sani da gonar gwaji tun zamanin Turawa, to, a gwada murhu kamar yadda ake gwada iri. A tara dagatai da masu unguwanni da matan da suka iya girki. A auna dami biyu na itace iri ɗaya, nauyi ɗaya. A dafa mudu ɗaya na dawa a murhun duwatsu, mudu ɗaya a sabon murhu, cikin tukwane masu girma ɗaya. In an sauke a auna itacen da ya saura. Malamin Hakimi ya rubuta nauyi da lokaci da abin da matan suka ce, a maimaita sau 3. Abin da gwaji ya nuna shi za a faɗa wa jama'a, ba abin da mai talla ya ce ba. Sa'an nan Hakimi ya fara ginawa a gidansa, gama gani ya kori ji.

Tambayoyi

1. Don me murhun duwatsu uku yake cin itace da yawa?
2. Wane abu ne mai ɗakin kwano zai fara yi kafin ya nemi wuta?
3. Mene ne alamun gubar garwashi?
4. Murhu nawa ne aka gwada a gundumarku, me kuma aka rubuta?