Ɗan Bazawara da Katin Inshorar Lafiya: Abin Yi da Abin Bari

Da kai nake, ma'aikacin da ke zawarci a Kawo ko Unguwar Sarki ko Tudun Wada. Kana cikin inshorar lafiya ta wurin aiki, matar da kake nema tana da yaro, zazzaɓi ya kwantar da shi, tausayi ya kama ka. Tausayin nan abin yabo ne, amma akwai inda yake kai mutum ya baro shi.

Ka fara sanin abin da katinka ya ƙunsa. Tsarin ma'aikata na hukumar tarayya, wadda a da ake kira NHIS kafin dokar 2022 ta mayar da ita NHIA, yana ɗaukar ma'aikaci, matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Hukumar jihar Kaduna, KADCHMA, da aka kafa a 2018, ita ma sawun nan take bi. Matar da ba a ɗaura muku aure ba babu gurbinta, balle ɗanta. Ko an kai sadaki an sa rana, a takarda ba iyalinka ba ne.

Kada ka ɗauka ɗaurin aure zai gyara komai. Ranar da aka shafa fatiha, ita ta cancanci gurbin mata in babu uwargida a kai. Yaron kuwa ya zama agola, kuma agola ba ɗan cikinka ba ne ko da kai ka yi masa kaciya.

Kada ka rubuta shi a matsayin ɗanka. Kada ka je ka yanko masa sabuwar takardar haihuwa da sunanka. Wannan zamba ce a doka, a addini kuma ta fi haka nauyi: aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a riƙa kiran yara da sunan ubanninsu. Nasaba ba a canza ta don a samu maganin maleriya kyauta. Takardar da ka ƙaga yau, ita za ta bi shi makaranta, ta shiga lambarsa ta NIN, ta fito ranar rabon gado, ta bar 'ya'yanka da rigimar da kai ba ka nan balle ka warware.

Kada, ko da wasa, ka kai shi asibiti da katin ɗanka. A nan zan daɗe, don shi ne wanda mutane suka fi yi, kuma suka fi raina haɗarinsa. Sai ka ji ana cewa, “Ai kansu ɗaya, wa zai gane?” Fayil ɗin asibiti ba suna kaɗai ne a ciki ba. Akwai rukunin jini, akwai maganin da jikin yaro ba ya so, akwai ko yana da sikila. Na taɓa ganin an kawo yaro mai sikila cikin dare yana kukan ciwon ƙashi, fayil ɗin da aka ɗauko kuwa na wani yaro ne mai AA. Likita ya tafi neman ciwo a wani wurin, sai da uwar ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Allah ya kiyaye, yaron ya tashi. Amma ɗan mai katin ya kwana da rubutun cutar da ba shi da ita a fayil ɗinsa. Yara biyu aka cuta a dare ɗaya.

Ka tambayi ina uban yaron. In yana raye, ciyarwa da maganin ɗansa a wuyansa suke, saki bai sauke masa ba. In ma'aikaci ne, gurbin yaron yana katinsa. Abin da ake buƙata kawai ya sa sunan, a zaɓi asibitin da ke kusa da inda yaron yake kwana. Kada kai ka tunkare shi, ba hurumin manemi ba ne, kuma zai ɗauka cin fuska. Waliyyinta ko kawunta ya yi magana. In ya ƙi, Kotun Shari'a ta Magajin Gari tana nan.

Ke kuma, baiwar Allah, in kina aikin gwamnati, malamar makaranta ce ke ko ma'aikaciyar jinya, ɗanki ɗan cikinki ne, yana da gurbi a katinki. Ki sa shi yau, kada ki jira alfarmar kowa. Ki riƙe takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya a hannunki, kada ki bar ta a gidan da kika fito.

In uban ya rasu ko ba ya cikin kowane tsari, to ka biya wa yaron da sunansa da sunan ubansa. KADCHMA tana da tsarin masu sana'ar kansu, inda ake biyan kuɗin shekara a kan mutum ɗaya. NHIA tana da irinsa, GIFSHIP, kuma tana barin ma'aikaci ya ƙara wanda yake riƙo da ƙarin kuɗi. Ka je ofis da ƙafarka ka tambaya, ka karɓi rasit, kada ka miƙa kuɗi ga ɗan kamasho a bakin ƙofa. In yaron bai kai shekara 5 ba kuma uwar ba ta da ƙarfi, ku bincika a asibitin matakin farko na mazaɓarku ko za a sa shi cikin tallafin marasa galihu.

Kada ka jira sai an kwantar da shi a asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho sannan ka tuna da rajista. Kati ba ya fara aiki ranar da aka biya, akwai lokacin jira.

In ka biya, ka miƙa katin ga uwarsa, ba aljihunka ba ne mazauninsa. Kada ka mayar da shi abin gori ko igiyar janyo ta. Zawarci yakan yiwu, yakan watse. In ya watse, kada ka aika a karɓo katin. Tun kafin shekarar ta cika, ka sanar da ita ko kakar yaron ranar da kuɗin zai ƙare, don su nemi mai sabuntawa.