Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙirji a Asibiti

Wanda tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikinsa, ko wanda ya faɗo daga babur ƙirjinsa ya bugu, in ya je Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, da wuya likita ya sallame shi bai tura shi ɗakin hoto ba. Aikin na 'yan mintoci ne, amma kowane mataki da manufarsa, kuma duk wuri ɗaya suka dosa: a samu hoto mai kyau a tashi ɗaya, kada a sake haska mutum a banza.

Hasken da ake amfani da shi, wato eksire, wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano shi a 1895. A cikin kan na'urar akwai kwalba da aka zuƙe wa iska. Lantarki mai ƙarfi yana ingiza ƙwayoyin ilektiron su daki wani ƙarfe mai jure zafi da ake kira tangistin. Kusan kashi 99 cikin ɗari na ƙarfin yana komawa zafi, ɗan ragowar ne ke fita a matsayin hasken da ido ba ya gani. Ƙashi yana tare shi, sai ya fito fari a hoto. Huhu cike yake da iska, hasken yana ratsa shi, sai ya fito baƙi.

Da farko mai ɗaukar hoto zai karɓi takardar likita, ya tabbatar da suna da wurin da ake so a duba. Idan mace ce zai tambaya: "Hajiya, ko akwai juna biyu?" Kunya ba ta da amfani a nan. In akwai ciki, ko ana zaton akwai, a faɗa, don likita ya auna ko hoton ya zama dole, a kuma ƙara kariya.

Na biyu, a cire duk abin da zai yi inuwa: sarƙa, rigar mama mai maɗauri na ƙarfe, riga mai maɓalli, waya da tsabar kuɗin da ke aljihun gaba. Layar da ke rataye a wuya ma a cire ta, domin takan fito kamar ƙari a huhu ta ruɗa mai karanta hoton. Dogon kitso a naɗe shi sama.

Na uku shi ne tsayuwa. Mutum zai manna ƙirjinsa da allon hoto, ya ba na'ura baya, ya ɗan ɗaga haɓa. Zuciya a gaba take, shi ya sa ake kusantar da ita da allo don kada inuwarta ta fi girmanta, a ɗauka kumburi ne. Saboda wannan dalilin ne kuma ake janye na'urar kimanin santimita 180. Sai ya ɗora bayan hannuwansa a ƙugu, ya turo kafaɗu gaba, don allon kafaɗa ya kauce daga kan huhu. Mai ɗaukar hoto zai liƙa alamar dama ko hagu, ya matse hasken iya faɗin ƙirji, kada ya zuba a fuska ko ciki.

Na huɗu, saita ƙarfi. Hoton ƙirji yakan buƙaci bolt dubu 110 zuwa 125, na hannu kuwa wajen dubu 50 zuwa 60 ya isa. Ƙato da ƙaramin yaro ba a yi masu awo ɗaya. In hasken ya yi kaɗan hoton zai yi dishi-dishi, in ya yi yawa mutum ya sha abin da ba ya buƙata.

Na biyar, mai ɗaukar hoto zai koma bayan katanga mai tagar gilashin dalma, ya ɗaga murya: "Baba, ja numfashi sosai. Riƙe, kar ka motsa!" Na'ura ta yi ƙara, ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba. "To, saki." Jan numfashin yana buɗe huhu har a ƙirga haƙarƙari wajen 10 ta baya. Motsi kaɗan kuwa yana ɓata hoto, sai an sake.

A wannan lokacin 'yan rakiya su tsaya a waje, ƙofa a rufe. In yaro ne sai an riƙe shi, mai riƙon ya sa rigar dalma, kuma kada a ba mai ciki wannan aiki. Nisa ma kariya ce: in ka ninka tazararka da na'ura, abin da zai same ka zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Da milisibat ake auna hasken da jiki ya sha, kuma hoton ƙirji ɗaya bai wuce milisibat 0.02 zuwa 0.1 ba, alhali a matsakaici mutum yana shan kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Haskawa ɗaya ke nan daidai da kwana uku zuwa mako biyu na zaman duniya, kuma hasken ba ya zama a jiki bayan an kashe na'ura. Ma'aikacin da ke ɗakin kullum shi ya fi buƙatar lura, shi ya sa yake maƙala ɗan ma'auni a rigarsa, kuma ƙa'idar duniya ta kayyade masa milisibat 20 a shekara a matsakaici. A Najeriya hukumar NNRA ce ke ba da lasisin irin waɗannan na'urori.

A ƙarshe mai ɗaukar hoto zai duba ko huhun ya fito daga sama har ƙasa kuma mutum bai karkace ba, sannan ya miƙa wa likitan hoto ya rubuta sakamako. In an ba ka fim ko faifai, ka adana shi inda zafi da laima ba za su taɓa shi ba, ka kuma riƙa tafiya da shi duk asibitin da za ka. Sau da yawa tsohon hoto yana hana a ɗauki sabo.