Tsuntsun Aljanna da Darasin Neman Aure

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙagi halitta kuma ya kyautata ta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, aya ta 38 ta Suratul An'am tana sanar da mu cewa tsuntsaye ma al'ummomi ne kamarmu. Darasinmu na yau ya shafi wata al'umma daga cikinsu, wadda ke zaune can gabashin duniya, a dazuzzukan tsibirin Niyu Gini da wasu tsibiran Indunisiya da gabashin Ostireliya. Sun haura iri 40, Turawa na kiransu tsuntsayen aljanna.

Mu sani, wannan suna kuskure ne ya yaɗa shi. A shekarar 1522 jirgin ruwan tawagar Majalan ya koma Sifen da busassun fatunsu. Da yake mafarauta kan cire musu ƙafafu kafin sayarwa, sai Turawa suka zaci halittun sama ne da ba su sauka ƙasa. Alhali tsuntsayen duniya ne, suna ci, suna mutuwa.

Abin mamaki yana wajen neman aurensu. A mafi yawansu namiji ne mai ado. Akwai wanda jikinsa bai wuce santimita 22 ba, amma gashi biyu na kansa kan kai santimita 50. Akwai wanda kan share fili a ƙasa, ya tsince ganye ɗai-ɗai, sannan ya baza gashinsa ya yi ta juyi, mata na bisa reshe suna kallo. Ita macen launinta na ƙasa ne, ba ado, kuma zaɓi nata ne.

To, me ke biyo baya? Da an gama barbara, sai namiji ya koma fagen rawa yana jiran wata. Mace ita kaɗai za ta yi sheƙa, ta kwanta kan ƙwai, ta ciyar da ƴan tsaki. Amma cikin danginsu akwai wasu da ake kira manukod, baƙaƙe masu kama da hankaka, namiji da mace kusan kamarsu ɗaya. Shi namijinsu yakan zauna da matarsa, ya taya ta renon ƴaƴa.

Tsuntsu ba shi da laifi. Ba a ɗora masa shari'a ba, kuma Allah ya wadata dajinsa da ƴaƴan itace, har mace na iya reno ita kaɗai. Ɗan Adam kuwa an wajabta masa ci da sha da tufafi da mazaunin iyalinsa.

Sau nawa muka ga saurayi ya zo da motar aro da shaddar bashi, an cika akwatunan lefe, ba a zagayo shekara ba yarinya ta dawo gidan ubanta da goyo? Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna mana abin dubawa ga mai neman aure: addininsa da ɗabi'arsa.

Saboda haka, ya ku iyaye, kafin ku karɓi goro ku bincika. Ina yake salla? Me ce ce sana'arsa? Yaya yake riƙon mahaifiyarsa? Ku kuma samari, ku rage bashin ado, ku tanadi hatsin gida.

Allah ya ba ƴaƴanmu abokan zama nagari. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.