Tsohuwar Hilux Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Gane Sarƙar Taimin Ta Tsallake

Tambaya: Malam, Hilux ɗina mai injin 22R ta daɗe tana ƙaras-ƙaras da safe. Jiya ta yi tari ta kafireta, ta mutu. An canza filogi, an wanke kafireta, shiru. Ina mafita?

Amsa: Malam direba, da farko ka daina murza makulli. In sarƙar taimin ce ta tsallake, kowace murzawa na iya haɗa fistin da bawul, aikin ya ninka.

Sarƙar ce ke haɗa karanshaf da kamshaf, tana tabbatar da cewa in na ƙasa ya juya sau 2, na sama ya juya sau 1. In ta zame haƙori ɗaya, bawul zai buɗe ba a kan lokaci ba. Mota za ta rasa ƙarfi, ta yi zafi, ta riƙa harbi ta kafireta ko salansa. In haƙoran da yawa ne, za ka ji kik yana juya injin da sauri, sakayau.

Wannan inji yana da sanannen rauni. Daga wajajen 1983 Toyota ta koma sarƙa mai layi ɗaya da madogaran roba. Abin da ke ɗame sarƙar kuma da ƙarfin baƙin mai yake aiki, shi ya sa ƙarar ta fi fitowa da safe, kafin mai ya hau. Da sarƙa ta saki, sai ta yi ta dukan robar har ta farfashe.

Kafin a kwance gaban inji, a yi gwaji uku. A cire filogi, a juya injin da sifana har fistin na 1 ya kai ƙololuwa a bugun matsi, tsagar fuli ta tsaya kan 0. A buɗe distirbuta: rota ta kalli wayar filogi na 1? Sannan a ɗage murfin bawul. Ɗigon da ke jikin giyar kamshaf ya kamata ya kasance a sama. In ya karkace sosai, magana ta ƙare. A haska tocila ƙasa a ga ko robar tana nan. Na uku, a auna matsin silinda. In duka huɗun sun faɗi kusan daidai, taimin ne. In ɗaya ce ta faɗi warwas, a zargi lanƙwasasshen bawul ko gasket.

Kada ka yarda a murɗa distirbuta don mota ta tashi. Wuta kawai aka gyara, bawul na nan a karkace.

Wajen gyara, a canza sarƙa, giyoyi biyu, madogarai da maɗami gaba ɗaya. A sauke kwanon baƙin mai a kwashe gutsattsarin roba, don suna toshe matatar famfon mai. A duba cikin murfin taimin: sarƙar kan ci shi har ta huda hanyar ruwa. In baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, a fara zargin nan kafin a ɗora wa gasket laifi. Bayan an ɗaura, a juya injin da hannu zagaye 2, a sake duba alamomin, sannan a sa makulli.