Baƙin da ke biyo ƴaƴan kifi zuwa tabki

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Kiyeshe da sauran ƙasar Arewa, darasinmu na yau a kan tabki ne. Bayan damana, ruwa yakan kwanta a tafkunan Dallol Mawri. Wasu garuruwa sukan zuba ƴaƴan kifi a ciki, kamar tarwaɗa da karfasa. Wannan aiki ne mai kyau, domin yana kawo nama da kuɗi. Sai dai kifi ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai baƙin da ke biyo shi ba tare da an gayyace su ba.

Bari in fara da wani misali na nesa. A Turai da Amurka akwai masu kiwon kifin teku a cikin akwatin gilashi, don ado. Sukan sayi duwatsun da aka ciro daga teku, daga ƙasashe irin su Indonesiya, su saka a cikin akwatin. Suna kiran wannan dutse "dutse mai rai", domin ramukansa cike suke da tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa. Mai hankali a cikinsu ba ya saka dutsen nan da nan. Yakan ajiye shi a wani mazubi dabam har makonni. Da dare ya haska shi da tocila, ya cire masu ɓarna, ya bar masu cin datti. To, idan mai kifin ado yana yin wannan wahala, ina ga mu da yaranmu ke wanka a tabki, dabbobinmu kuma suke sha?

Wata rana ina rangadin cibiyoyin yaƙi da jahilci, na tarar ana zuba kifi a wani tabki. An kawo su cikin tano. Aka kifar da tanon gaba ɗaya: kifi, da ruwa, da ciyawa, da laka. Kowa na murna, ni ma na yi tafi. Sai daga baya na yi tunanin abin da muka zuba.

Baƙo mafi haɗari shi ne ƴar ƙaramar katantanwa. Girmanta bai wuce na farcen yatsa ba. Takan maƙale a ganyen ciyawar ruwa, ta yi ƙwai a kai. Ita ce masaukin tsutsar tsargiya, wato fitsarin jini. Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari a tabki. Ƙwayayen da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe, ƴan tsutsotsin su shiga jikin katantanwa. Bayan kamar mako 4 zuwa 6, sai su fito da yawa ƙwarai. Ido ba ya ganinsu. Su huda fatar mai wanka, ko mai wanki, ko masunci. Ku lura da kyau: ba cin kifi ke kawo tsargiya ba, shiga ruwan ne. Kuma ƙafewar tabki da rani ba ta gama da katantanwa. Wasu sukan shige cikin laka su yi likimo har ruwan sama ya dawo. Shi ya sa hana ta shiga ya fi fitar da ita sauƙi.

Tsargiya tana da magani, sunansa farazikantel. Tun shekarar 2004 aka soma rarraba shi ga ƴan makaranta a Nijar. Duk yaron da ke fitsarin jini, a kai shi likita. Kada a ce alamar balaga ce, kamar yadda wasu ke faɗa. Cuta ce, tana rage jini, tana ɓata mafitsara.

Akwai kuma matsattsaku. Yana shan jinin kifi, wani irinsa kuma yakan kama hanci ko maƙogwaron dabba wajen shan ruwa. Akwai ƙwarƙwatar kifi, mai manne wa fata. Ciyawa ma baƙuwa ce. Wata irin kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta Amurka ta Kudu ne, ta mamaye wurare da dama a kogin Isa. Guntu ɗaya ya isa ya zama iri.

Amma ba kowane baƙo ne mugu ba. Ƴan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa abincin ƴaƴan kifi ne. Don haka kada kowa ya zuba maganin feshin gona a tabki wai don ya kashe katantanwa. Kifi zai fara mutuwa, sannan dabbobi.

To, me za a yi ran da kifi ya iso? Da farko, a nemi shawarar ma'aikatan ruwa da gandun daji, a tambayi inda aka kamo kifin. Kada a kifar da tano a tabki. A tsame kifin da ƙaramar koma. Ruwan tanon, da ciyawa, da laka, a zubar a kan busasshen rairayi nesa da tabki, rana ta ƙone su.

Sannan a yi wa kifin wankan gishiri. A narka giram 200 na gishiri a cikin lita 20 na ruwan rijiya. A saka kifi kaɗan-kaɗan, na minti 10. A tsaya a kansu. Idan kifi ya fara kwanciya a gefe ɗaya, a fitar da shi nan take. Gishiri yana sa matsattsaku ya saki. Wanda bai saki ba, a cire shi da hannu a hankali.

Garin da ke da kwarmin siminti na lambu, ya ajiye kifin a ciki mako 2 ko 3 kafin a kai tabki. Kullum da safe a duba. Kifin da ke goga jikinsa a bango, ko mai gyambo, a ware shi. Na san wasu za su ce wannan ɓata lokaci ne. Mako 3 kaɗan ne a kan tabkin da za a yi shekaru ana amfani da shi.

Kayan su ma suna ɗauko baƙi. Masuncin da ya fito daga Gaya, ko daga wani tabki, ya shanya komarsa da gorarsa a rana, su bushe ƙarau, kafin ya shiga namu. Wannan doka, kwamitin tabki ne ya kamata ya sa ta, kuma a rubuta ta a allo a bakin ruwa. Ɗalibai, a cikinku wa zai rubuta?